DARASI: Baƙo Ɗalibi Ne Kafin Ya Zama Malami

Kafin a shiga wannan darasi, mai jagora ya sa a karanta Luka 10:1-20 da Ayyukan Manzanni 28:1-10 da murya, a tsanake, domin a kansu muka kafa nazarinmu.

Mu da muke zaune a Dutse da sauran ƙasashen Jigawa ta Tsakiya, wato Birnin Kudu, Gwaram, Kiyawa, Jahun, Miga da Buji, mun saba ganin baƙi masu zuwa aikin taimakon jama'a. Wasu sukan taso daga ƙasashen ƙetare. Wasu kuwa 'yan bautar ƙasa ne daga kudancin Nijeriya, waɗanda ake saukewa a sansanin Fanisau su yi mako uku ana horar da su kafin a rarraba su. Yanzu ga 'ya'yanmu ma suna gama karatu suna neman hanyar fita waje su yi wa wasu irin wannan hidima. Mun ga baƙon da ya tafi shekaru da yawa amma har yau ana kiran sunansa da alheri. Mun kuma ga wanda ya zo da farar zuciya, ya koma gida da ɓacin rai, famfon da ya kafa ya mutu a bayansa. Bambancin waɗannan biyu yakan fito ne daga irin horon da kowannensu ya samu, da kuma irin karɓar da mu masu masauki muka yi masa.

1. ASALIN WANNAN AIKI

Aikin sa-kai a ƙasashen waje irin na zamaninmu ya kankama ne a daidai lokacin da ƙasashen Afirka suke karɓar mulkin kansu. A shekarar 1957 Paparoma Pius na 12 ya rubuta wasiƙarsa mai suna Fidei Donum, inda ya roƙi dayosis-dayosis masu yalwar ma'aikata su aiko da firistoci Afirka, ya kuma ƙarfafa hidimar sauran masu bi. A 1958 aka kafa ƙungiyar VSO a Ingila ta hannun Alec Dickson da matarsa Mora. Shi Alec Dickson ya taɓa aikin horar da matasa a wannan yanki na Afirka a zamanin mulkin Turawa. A 1960 aka kafa ƙungiyar Viatores Christi a ƙasar Ayalan domin shirya 'yan Katolika waɗanda ba firistoci ba su tafi aiki ƙetare. A 1961 Shugaba John Kennedy na Amurka ya kafa Peace Corps, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da suka fara karɓar mutanenta.

Nijeriya ba ta tsaya a karɓa kawai ba. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin bautar ƙasa domin ɗinke ɓarakar yaƙin basasa. A 1987, zamanin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi yake ministan harkokin waje, aka kafa shirin da ake kira TAC a taƙaice, wanda yake aika likitoci, ma'aikatan jinya, malamai da injiniyoyin Nijeriya su yi aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka, Karebiyan da tsibiran tekun Fasifik. Ta wannan hanya 'yan Nijeriya sun yi aiki a ƙasashe irin su Gambiya, Yuganda, Jamaika da Fiji. Saboda haka darasin nan namu ne ta fuska biyu: muna saukar da baƙi, mu ma muna zama baƙi.

2. YADDA UBANGIJI YA HORAR DA NASA

A Luka sura 10 mun ga Yesu ya zaɓi mutum saba'in da biyu ya aike su gaba gare shi. Mu lura da tsarin da ya bi. Ya aike su bibbiyu, domin wanda yake shi kaɗai a baƙon wuri ba shi da mai gyara masa kuskure, ba shi da mai ɗaga shi in ya fāɗi. Ya hana su ɗaukar jakar kuɗi da burgame. Wannan ya sa tilas su dogara ga mutanen da za su tarar, su ci daga tukunyarsu. Ya umarce su su zauna a gida ɗaya, kada su riƙa sauya masauki suna neman inda tuwo ya fi laushi. Ya sa su fara da yi wa gida fatan salama, sa'an nan su warkar da marasa lafiya, sa'an nan su yi shelar Mulkin Allah.

Akwai umarni ɗaya da yakan ɗaure wa Bahaushe kai, wato hana su gaisuwa a hanya. Yaya za a ce wa ɗan aike kada ya gai da kowa? Idan muka duba 2 Sarakuna 4:29 za mu ga annabi Elisha ya yi wa baransa Gehazi irin wannan umarni sa'ad da yake tura shi wurin yaron da ya mutu. Manufar ita ce gaggawar aike, kada mutum ya shantake a hanya har ya manta abin da ya fito da shi. Gaisuwar ƙofar gida kuwa, ita ce abu na fari da Ubangiji ya ɗora musu.

Abu na ƙarshe, sun komo sun ba da rahoto cike da murna, shi kuwa ya gyara musu dalilin murnar, ya mai da hankalinsu daga abin da suka iya yi zuwa alherin da Allah ya yi musu. Ashe horon bai ƙare ba sai da aka je, aka komo, aka zauna aka duba abin da ya faru. Shi kansa Ubangiji, bisa ga Luka 3:23, sai da ya kai wajen shekara talatin kafin ya fara hidimarsa a fili. Shekarun nan ya yi su ne yana koyon harshen mutanensa, da sana'arsu, da abincinsu.

3. DARUSSAN DA HANYA TAKE KOYARWA

Kowace ƙungiya mai hankali takan ba mutanenta horon aji kafin su tashi. Amma Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Baƙon da ya sauka a Kano ya biyo ta Wudil zuwa Dutse, idan ya shiga motar haya ya zauna a matse tsakanin mai buhun gero da mai kwandon kaji, ya riga ya fara karatun da babu allon da zai iya ba shi. Ga darussa biyar na wannan makaranta.

Na ɗaya, harshe. Wanda zai yi aiki a nan yana bukatar Hausa, in kuma zai shiga rugage, ya ƙara da gaisuwar Fillanci. Ba a ce sai ya ƙware kafin ya fara ba. Abin da ake so shi ne ya san tambayar kwana, da gajiya, da iyali, da aiki, ya kuma san amsarsu, ya san a nan ba a shiga magana sai an gama gaisuwa. Ya san cewa ana yin sallama a zaure a tsaya, namiji baƙo ba ya kutsa kai cikin gida. Ya san ana bayarwa ana karɓa da hannun dama. Ya san tsarin sarauta, daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, har fadar Sarki a Garu, ya kuma gane cewa wasiƙar da ya riƙo daga ma'aikatar gwamnati ba ta ɗauke masa zuwa gai da dagaci ba. Ya san cewa tun shekarar 2000 jihar Jigawa take bin shari'ar Musulunci, don haka ya kula da suturarsa, da abin da yake sha, da cin abinci a bainar jama'a a watan azumi.

Na biyu, jiki. Mai taimakon da ya kwanta ciwo ya zama kaya a kan waɗanda ya zo sauke wa kaya. Ƙasarmu tana da lokatai, kowanne da cutarsa. Da damina, daga watan Yuni zuwa Satumba da ɗan abin da ya biyo baya, zazzaɓin cizon sauro ne ke sarauta, maganinsa kuwa gidan sauro da gwajin jini da zarar jiki ya yi zafi. Da hunturu ƙura takan kama ƙirji da ido. Da bazara, musamman a Afrilu, zafi yakan wuce digiri 40, lokacin ne kuma sanƙarau ya fi yaɗuwa. Mai tafiya ya yi allurar shawara aƙalla kwana goma kafin tashi, ya riƙe katin shaida. Ya tafasa ruwan da bai amince da shi ba. Ya haddace haɗin ruwan gishiri da sukari domin gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wannan ɗan ilimi zai cece shi, zai kuma ceci 'ya'yan maƙwabtansa.

Na uku, ido da baki. A watan Oktoba na 1961, 'yan Peace Corps na farko suna cikin horo a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, sai wata budurwa a cikinsu ta rubuta wa abokinta a Amurka katin gaisuwa, ta bayyana yadda ƙazanta da talaucin da ta gani suka girgiza ta. Katin bai kai akwatin gidan waya ba, ya faɗa hannun ɗalibai. Aka kwafe shi aka rarraba, ɗalibai suka yi zanga-zanga, labari ya kai jaridun duniya, ita kuwa ta bar ƙasar. Ba a ce ta yi niyyar cin mutunci ba. Kuskurenta shi ne ta yanke hukunci tun idonta bai saba da wurin ba. A yau da kowa ke riƙe da waya mai ɗaukar hoto, haɗarin ya ninka. Ɗaukar hoton yaro mai tamowa ko mace mai jinya a watsa wa duniya ba da yardar iyalinsu ba, sayar da mutuncin matalauci ne domin a yabi mai bayarwa. Mu da muka ga yadda aka ƙone majami'u a Dutse a watan Satumba na 2006 bayan wata gardama a kan addini, mun san nauyin kalma a wannan ƙasa. Baƙo ya yawaita tambaya, ya rage sharhi, gama matambayi ba ya ɓata.

Na huɗu, amana. Sau da yawa baƙo yakan ji haushi idan ya kawo magani kyauta aka tsaya ana yi masa tambayoyi. Ya kamata horonsa ya sanar da shi tarihin wurin. A 1996 annobar sanƙarau ta hallaka dubban mutane a arewacin Nijeriya. A tsakiyar annobar kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200, sha ɗaya daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka daɗe ana shari'a, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano. Wannan tabo yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa ƙin allurar shan inna a 2003 da 2004, abin da ya sa cutar ta sāke bazuwa har zuwa wasu ƙasashe. Sai da sarakuna da malaman addini suka shiga gaba kafin amana ta dawo, har aka tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa ƙwayar shan inna ta daji ta ƙare a Nijeriya. Uwar da ta tambayi abin da ke cikin kwalba tana yin aikinta ne na uwa, wajibi ne a amsa mata da gaskiya.

A gefe guda kuma muna da misali mai kyau a kusa da mu. Tun 2008 ƙungiyar likitocin Médecins Sans Frontières take aiki a babban asibitin Jahun tare da ma'aikatan gwamnatin jiha, ana karɓar haihuwa mai wuya, ana kuma yi wa mata masu yoyon fitsari tiyata. Ma'aikatan ƙetare suna zuwa suna komawa, amma yawancin masu riƙe da aikin 'yan ƙasa ne. Abin da ya sa mata suke tahowa daga nesa shi ne waɗanda suka warke sun koma gida sun ba da labari.

Na biyar, hannu. Ma'aunin aikin ɗan sa-kai shi ne abin da ya rage bayan ya tafi. Kafin a haƙa rijiyar burtsatse a tambaya: wa ya roƙe ta, wa zai riƙe kuɗin gyara, ina ake sayen kayan gyaran, wane makaniki ne aka koya wa? A tambayi matan da suke ɗebo ruwan, gama su ne suka san inda ta fi dacewa. A kuma kula da rabo. A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni na farko da ya tashi a cikin Ikilisiya a kan rabon abinci ne, domin ana tsallake gwaurayen wani sashe. Manzanni suka bar jama'a su zaɓi mutum bakwai amintattu daga cikinsu su riƙe aikin. Sa'ad da ambaliya ta ci gonaki da gidaje a Jigawa a 2022, ruwa bai tambayi addinin kowa ba, taimakon Ikilisiya ma ba ya tambaya. Paparoma Paul na 6, a wasiƙarsa Populorum Progressio ta 1967, ya koyar cewa ci gaba na gaskiya ya shafi kowane mutum da kuma mutum ɗungum, jiki da ruhu. Ya gargaɗi ƙwararrun da ake aikawa su zama abokan aiki, kada su yi halin iyayengiji, su kuma koyi tarihi da al'adun masu masaukinsu.

4. IDAN SHIRI YA SAUYA

Wani abin da hanya take koyarwa shi ne haƙuri da sauyin shiri. A 1921 wata 'yar Ayalan mai suna Marie Martin ta iso Kalaba a matsayin 'yar sa-kai bisa gayyatar Bishop Joseph Shanahan. Ta koyi aikin ungozoma kafin ta taso, amma da ta iso sai aka danƙa mata makaranta. Ta karɓa, ta koyar, tana lura da wahalar mata masu haihuwa. Sai a 1936 Roma ta ba sistoci izinin yin aikin likita da na ungozoma sosai, a 1937 kuma, tana kwance a asibitin Fatakwal ba lafiya, ta ɗauki alkawarinta, aka kafa ƙungiyar sistoci masu aikin jinya ta Medical Missionaries of Mary. Shekara goma sha shida ke nan tsakanin isowarta da cikar burinta. Wanda ya zo da kwantiragin shekara biyu ya tuna cewa mai yiwuwa rabonsa shuka ne kawai, wani ne zai girbe.

5. NAUYIN DA KE KAN MASU MASAUKI

A Ayyukan Manzanni sura 28 jirgin da Bulus yake ciki ya farfashe a tsibirin Malta. Babban manzo ya fito daga teku a jiƙe, ba shi da kome. Mutanen tsibirin ne suka hura wuta suka karɓe su saboda ruwa da sanyi. Bulus bai zauna a yi masa hidima ba, ya tashi ya tattaro ƙirare ya ƙara wa wutar. Daga baya ne ya warkar da mahaifin shugaban tsibirin da sauran marasa lafiya. Ya fara karɓar taimako, ya sa hannu a ƙaramin aikin da ya tarar, sa'an nan ya ba da abin da Allah ya ba shi.

Mu ne mutanen Malta a wannan labari. Dayosis ɗinmu na Kano, wanda ya ƙunshi jihohin Kano da Jigawa, an yanke shi daga Kaduna a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Jigawa, ya kuma zama cikakken dayosis a 1999. Baƙi ne suka taimaka aka kafa shi, don haka akwai bashi a kanmu. Kowace majami'a ta keɓe iyali ɗaya da zai zama gidan baƙo, inda zai ci tuwo ya koyi magana. Katikis ko wani dattijo ya raka shi gai da mai unguwa da limamin unguwa tun makon farko. Zumuntar Mata ta kai baƙuwa kasuwar Shuwarin ta koya mata ciniki. Idan ya yi kuskure mu ja shi gefe mu faɗa masa, gama yi wa baƙo dariya a bayan ido ba ladabi ba ne. Mu kuma binciki kanmu: sau nawa muka amsa wa baƙo da "to" a kan aikin da muka san ba zai yiwu ba, don kada kuɗin ya wuce mu? Sau nawa muka mai da shi asusu, kowa da ƙoƙon bararsa? Irin wannan hali yana lalata baƙo, yana kuma zubar da girmanmu.

6. GA 'YA'YANMU MASU SHIRIN FITA

Matashin da yake son yin hidima a ƙetare ya fara gwada kansa a gida. Wanda bai iya kwana bakwai a ƙauyen Miga da damina ba, da wuya ya jure shekara biyu a wata ƙasa. Ya riƙe sana'a ta gaske, gama babu ƙasar da take ƙarancin masu kyakkyawar niyya marasa abin yi. Ya bi ta ƙofar da aka sani, wato hukumar gwamnati ko ƙungiyar da Fada da ofishin Bishop za su iya bincikawa. Duk wanda ya nemi kuɗi masu yawa da sunan samo masa gurbi, ko ya ce zai riƙe masa fasfo, a guje shi, domin masu fataucin mutane sukan ɓuya a bayan sunan taimako. Ya binciki zuciyarsa a gaban Allah: hidima yake nema ko hanyar tsira daga gida? In ya isa, ya nemi majami'a tun Lahadin farko, ya riƙe addu'arsa da sakramenti. In wa'adi ya cika, ya dawo ya ba da rahoto kamar saba'in da biyun nan.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Cikin umarnan Yesu a Luka 10, wanne ne ya fi wuya ga ma'aikacin taimako na zamaninmu, me ya sa?

2. Akwai wani aikin taimako da ya mutu a garinmu? Wane laifi ne na masu kawowa, wanne ne namu?

3. Wane ɗan bautar ƙasa ko baƙo ne yake zuwa Misa tare da mu wanda har yanzu babu gidan da ya kira shi cin abinci? Wa zai kira shi wannan mako?

ADDU'A

Ya Allah Ubanmu, kai da ka aiko Ɗanka ya zauna a cikinmu ya koyi harshen 'yan Adam, ka ba waɗanda suke barin gidajensu domin hidima zuciyar ɗalibi da lafiyar jiki. Ka tsare su a hanya. Ka ba mu, masu karɓarsu, gaskiya da sakin fuska. Ka sa aikin hannuwanmu ya amfani maƙwabtanmu duka, Kirista da Musulmi. Muna roƙo ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.